Ƙafar Gabas ta Zauren Fakku

Ranar sadakar uku ta Kawu, a ƙofar gidansa a Tambuwal, ɗansa na cikinsa ya miƙe a gaban jama'a ya ce mahaifinsa bai bar magaji a sana'a ba. Ina zaune a bakin tabarma, taku biyar tsakanina da shi. Shekara talatin da fuɗu na yi ina kwaɓa wa Kawu ƙasa, ina jefa masa tubali, ina ɗaure azara inda ya nuna da haɓa, har aka kai ni nake hawa shi yana kallo daga ƙasa. Abin da aka yi mini ke nan. Na fara da shi ne don kada wani ya karanta takardar nan ya zaci mai sanyin zuciya ne ya rubuta ta. Na Allah muke, gare shi za mu koma. Kawu ya koma. Ni ina nan da abin da ya tsaya mini a rai.

Mutane sun zo, ba zan rage wannan ba. Daga Dogon Daji, daga Kebbe, daga ƙauyukan da ni kaina na manta mun taɓa yin aiki. Wani dattijo daga Sanyinna, jikokinsa ne suka riƙo shi, ya ce a soron da Kawu ya gina masa aka kai masa amarya, kuma har yau bai taɓa tara kwano a ƙarƙashin rufin ba. Wani magini na bulo da siminti, wanda suka shekara goma ba sa ga maciji da Kawu, ya zauna can gefe yana share ido da hularsa, ya kasa ko yin gaisuwa. Daga cikin gida ana jin matan unguwa suna lissafa wa juna wa ya gyara wa murhu, wa ya toshe wa rumbu. Liman ya yi addu'a, aka shafa.

Sai ɗan autan Kawu, wanda kowa ke kira Injiniya tun da ya gama karatu ya kama aiki a Sakkwato, ya buɗe kwamfutarsa a kan gwiwa ya ce a matso. Zauren ƙarshe da Kawu ya fara a Fakku ne ya fito a gilashin, ba ƙasa ba yaɓe, zane zalla, yana juyawa shi kaɗai. Mutane suka yi ta cewa ikon Allah.

Injiniya ya miƙe ya ce, "Baba bai bar magaji ba. Amma alhamdu lillahi, kafin ya rasu na kwashe abin da ya sani na zuba a nan. Har inda tsufa ya karkatar masa da hannu na gyara."

Dattijon Sanyinna ya ɗaga kai ya ce, "Ina ɗan ƙanwarshi da suka aiki tare? Ba shi nan?"

"Ga shi nan, Baba. Ai shi ya riƙe mini bakin tef ɗin awo."

Aka yi 'yar dariya. Ni da shi taubasai ne, uwata da ubansa ciki ɗaya, don haka mutane suka ɗauka wasan da ke tsakaninmu ne. Ni na san ba wasa yake ba, har ransa ya faɗa. Na haɗiye, don zaman makoki ba wurin sa-in-sa ba ne.

To bari in faɗi wane ne Kawu, tun da an ce yana cikin kwamfuta, akwatin nan na Injiniya.

Gajere ne, mai manyan hannuwa, dugadugansa duk faso. Ba ya fara aiki ranar da aka kai shi fili. Zai je da hantsi ya zauna a tsakiyar filin kamar wanda ya zo jiran mota, ya ɗebi ƙasa ya murza, ya tofa mata yawu ya sake murzawa, wani lokaci har ya ɗora a harshe. Sannan ya tambayi mai wurin, "In anka yi ruwa, ina shika bi?" In mutum ya ce bai lura ba, sai Kawu ya ce a kira masa matar gidan ko maƙwabci, wanda dai ya lura. Ba ya cin abinci a kan bango. Ba ya yarda a ɗora sabon layin tubali kan wanda bai bushe ba, ko da mai gida zai yi kuka. Abin da yake cewa kullum shi ne, "Bar ta ta sha iska, ba ta shirya ba." Wannan maganar na ji ta ya fi a ƙirga, kuma ita ce ta raba shi da masu gaggawa da yawa.

Ba shi da takarda, ba shi da tef. Abin awonsa igiya ce ta rama mai ƙulle-ƙulle, da turke ɗaya. Ya kafa turken a tsakiya, ya ja igiyar ya zagaya, ga da'ira. Ya ja ta daga kusurwa zuwa kusurwa, ya sake ja ta ɗaya hannun, in sun zo ɗaya ɗakin ya zauna. A tsakiyar igiyar akwai ƙulli da aka naɗe da fata. A ɗaya bakin kuma akwai jan zare, kuma bakin nan gabas yake kallo ko yaushe. In igiya ta tsufa, sai ya tuƙa sabuwa ya shimfiɗa su gefe da gefe, ya kwafe ƙullin ɗaya bayan ɗaya, ya ƙone tsohuwar.

Aikin da ya yi suna da shi shi ne bakan gizo. Ga wanda bai sani ba, ƙafa biyu ake tayarwa daga bango biyu masu kallon juna, ana jera azara ana ɗaurewa ana yaɓewa, kowace tana ɗan sunkuyowa ciki fiye da ta ƙasanta, har ƙafafun su haɗu a sama. Su ke ɗaukar rufi ba tare da an kafa ginshiƙi a tsakiyar ɗaki ba. Ƙullin igiyar ne ke nuna inda kowace azara za ta tsaya. Kuma ƙullin ɓangaren jan zare ba su yi daidai da na ɗaya ɓangaren ba. Ƙafar gabas takan fi ta yamma kauri da ɗani guda, wato buɗin babban yatsa zuwa manuni, ta fi ta tsawo da yatsa uku. Duk mai ido zai gani ranar da aka gama. Kawu bai taɓa cewa ga dalili ba. Ba ya bayani. Wannan halinsa ne, kuma ba zan kira shi hali mai kyau ba don kawai ya mutu.

Akwai wani abin da na daɗe ban yafe masa ba. Ɗansa ya sa shi makaranta har ƙarshe, yana cewa ƙasa ta ci hannunsa, ba za ta ci na wannan ba. Ni da ubana ya rasu aka kawo ni gidansa, aji fuɗu na tsaya ya ba ni kwandon ɗibar ƙasa. Ban ce bai ciyar da ni ba, ban ce bai yi mini aure ba. Amma ni ma hannu gare ni.

Faɗanmu na gaske a Dogon Daji muka yi shi, ina da shekara kamar ashirin da biyar. Muna tsakiyar zauren wani mai sayen hatsi aka yi rasuwa a dangi can Kebbe, Kawu ya tafi kwana shida ya bar mini igiya. Ni kuwa a lokacin aji fuɗun nan yana yi mini kuwwa a ka. Na aro tef wurin kafinta na auna ƙullin, na ga ba su zo ɗaya ba, na ce ashe tsoho shekara da shekaru da karkatacciyar igiya yake aiki. Na tayar da ƙafafun biyu daidai wa daida, ko gashi bai raba su ba. Na ji daɗin kaina ƙwarai.

Da ya dawo bai ko ajiye gafakarsa ba, ya tsaya a ƙofa ya ɗaga kai. Ya ce, "Wa ya taɓa gabas?"

Na ce ni ne, kuma gyara na yi. A gaban leburori na faɗa masa igiyarsa karkatacciya ce, duniya ta ci gaba, akwai tef. Ya dube ni. Bai ce a rushe ba, bai zage ni ba, ya karɓi igiyarsa ya naɗe a hannu. Muka rufe zauren a haka, ba ya yi mini magana sai ta bakin wani. Zuciya ta ɗebe ni na tafi Sakkwato na shiga cikin masu bulo.

Bayan damina biyu ya aiko a ce in zo. Na same shi a zauren nan. Ƙafar gabas ta zauna, baka ya karkace, ga tsaga a sama wadda hannuna zai shige. Mai gidan ya tara maƙwabta yana ta faɗa, yana cewa saura kaɗan rufi ya kashe masa baƙi. Ya nuna ni ya ce an gaya masa wannan ne ya yi aikin ranar da maigidansa ba ya nan. Kafin in buɗe baki Kawu ya ce, "Alhaji, ni nika gini nan. Hannuna na. Ka bar yaro." Mutumin da ba a taɓa cewa bangonsa ya tsage ba, ya tsaya ana gaya masa magana a bainar jama'a saboda ni. Da rani muka sauke rufin muka sake shi.

A hanyar dawowa, muna tura kekunanmu cikin yashi, ya yi mini bayani na farko kuma na ƙarshe. Ya ce, "Hadari daga gabas shika tasowa. Bangon gabas shika fara shan ruwa, shi ka fara zama. In ka ba shi daidai da ɗan'uwanshi ka cuce shi. Ka ba shi nashi tun da rani, damina biyu su daidaita su." Shi ke nan. Bai sake tayar da zancen ba har ya bar duniya, ko matarsa ba ta san ni na yi ɓarnar ba. Sai bayan rasuwarsa na fara faɗa da bakina.

Bara wani malami a Fakku ya ce yana son zaure na ƙasa inda dattawa za su riƙa zama karatu, ba ya son rufin kwano saboda zafi. Irin wannan aiki ya yi wuya yanzu, kowa bulo yake so. Kawu ya karɓa da murna duk da ƙafafunsa sun fara kumbura. Muka tayar da bango, muka haɗa baka na farko, muka kai ƙafafun na biyu rabi, sai ciwo ya ci ƙarfinsa. A lokacin ne Injiniya ya zo hutu da tef da waya da wata na'ura mai ƙafa uku da ke tofa jan haske a bango. Ya ce zai adana aikin Baba kada ya ɓace.

Kwana uku na riƙe masa bakin tef. Ba zan yi ƙarya ba, abin ya ba ni mamaki. Ya nuna mini yadda yake ɗaukar wurare a jikin baka, kowane ya zama ɗigo a cikin kwamfuta, sai ita ta ja layi mai santsi ya ratsa ɗigon duka. Daga nan ta lulluɓe layukan da 'yan gidaje masu kusurwa uku, kamar komar masunta, sai ga ɗaki. Yana iya yanka shi biyu ya leƙa ciki, yana iya kallonsa daga sama kamar shirwa. Sai ya ce ba ma sai ya wahala ba, rabi kawai zai zana. Ya zana ɓangaren yamma, ya danna wani wuri da ya ce madubi ne, ɓangaren gabas ya fito kansa, sak ɗan'uwansa. Ɗigon da muka auno a ƙafar gabas suka tsaya a waje da layin kamar awakin da suka ƙi shiga garke. Ya goge su.

Yana da hujjarsa. Ya je Sanyinna ya auna tsohon soron dattijon nan, ya ga ƙafafun sun zo ɗaya. Ya auna na Fakku ya ga gabas ta yi sama. Sai ya yanke cewa da can hannun Baba daidai yake, yanzu ido ya raunana. Ni kuwa ina wurin ranar da aka gama soron Sanyinna. A karkace aka haife shi, kamar na Fakku.

Rana ta uku muka kawo Kawu a mota ya zauna kan tabarma a inuwar dogon yaro. Injiniya ya durƙusa ya nuna masa. Kawu ya kalla ya kalla, ya ce, "Ina gabas cikin abin ga?"

"Baba, ai duk inda ka juya shi." Ya sa yatsa ya wulwula ɗakin.

"Ruwa na sauka ciki?"

"Ba ya sauka, Baba."

Kawu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "To madalla. Mai wanga gida ya huta."

Da Injiniya ya tafi alwala, Kawu ya jawo bakin rigata ya ce, "In ya tambaye ka, ka faɗa mishi." Bai tambaye ni ba. Ni ma ban faɗa ba. Na ce a raina mai digiri ya nemo da kansa, tun da ni ɗan riƙon tef ne. Wannan laifina ne, kuma na sa shi a nan don a gani tare da nasa.

Kawu ya cika da hantsi, ran wata Laraba. Maganar ƙarshe da ya yi mini ita ce ko an rufe kan bangon Fakku da zana, kada ruwan farko ya same shi tsirara. Na ce an rufe. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa rufin da ya yi wa bayin Allah ya zama inuwa gare shi ranar da babu wata inuwa.

Bayan sadakar bakwai na shiga ɗakinsa in ɗauko igiya, na tarar ƙusar babu komai. Matar Kawu ta ce mini, ba ta ko iya dubana ba, "Ƙanenka ya ɗauka. Ya ce gilashi za shi sa ta, ya rataye ofis." Na juya na fita. Na ji kuma Injiniya ya je ya gaya wa malamin Fakku shi zai ƙarasa zauren, sadaka ga mahaifinsa, da ma'aikatansa daga Sakkwato, bisa zanen kwamfuta. Niyyar ba ta da laifi. Na zauna gida sati uku ina cin raina, ina cewa su yi, damina za ta ba su amsa. Haka Kawu ya yi mini. Amma Kawu ya yi ne yana da ran da zai zo ya gyara, kuma a ƙarƙashin wancan rufin buhunan hatsi ne suka fi yawa. A ƙarƙashin wannan tsofaffi za su zauna da littattafai. Kuma in ya tsage, ba wanda zai ce kwamfuta. Cewa za a yi zauren ƙarshe na Kawu bai yi damina uku ba.

Ran wata Asabar da safe malamin ya kira ni a waya. Ya ce, "Magini, mutanen ga sun zo da diga da gatari. Sun ce sassaƙe ƙafa guda za su yi. Ni dai hankalina bai kwanta ba."

Na hau babur. Da na isa na tarar an yaye zanar, an ja layi da jan fenti a jikin ƙafar gabas, daga ƙasa har inda ta tsaya, duk abin da ke wajen layin za a sare. Ɗani guda. A daidai wurin akwai sawun yatsun Kawu a cikin yaɓe, yatsa fuɗu, inda ya dafa ranar da ya yi hawansa na ƙarshe. Ma'aikata biyu suna tsaye suna jiran umarni. Injiniya yana riƙe da babbar takarda a hannu ɗaya, igiyar kuwa a ɗaya hannun, ya kawo ta ya nuna wa malam yadda ƙullin suka saɓa.

Na wuce su na jingina bayana da ƙafar.

Injiniya ya ce, "Yaya, lafiya? Don Allah ka matsa, rana tana yi. In aiki kake so ai sai a sa ka."

Na ce, "Ba aiki nika so ba. Saurara, don sau ɗaya zan faɗa. Abin ga da kaka shirin yi, na riga ka yin shi, Dogon Daji, kana goye. Na auna igiyar ga da tef na ce ubanka bai iya ba. Damina biyu rufin ya buɗe baki, ubanka ya tsaya gaban mutane ya ce hannunshi na. Soron Sanyinna da kaka taƙama da shi, ran da munka gama shi gabas ta fi yamma da yatsa uku, ruwa ya daidaita su, ba madubi ba. Ya ce in ka tambaye ni in faɗa maka. Ba ka tambaya ba, ni kuma na yi girman kai, Allah ya yafe muna mu biyu. Ka ce bai bar magaji ba, na haɗiye, don ni ka zaga. Amma ka ce hannunshi ya karkace, ka zo da gatari inda ya dafa, wanga ba ni haɗiye shi. Buɗe akwatinka ka tambaye shi ina gabas. In ya nuna maka, ni zan karɓi gatarin in sare da hannuna. In bai nuna ba, aje takardar ga ƙasa, miƙo man jan zaren, kai ka riƙe ɗaya bakin. Saura wata guda ruwa ya sauka."